Hoton Amarya a Hannun Mai Hoto, Na Waye?

Yau da masu hoton biki nake, kuma wanda abin ya yi wa zafi sai ya yi haƙuri.

Muna yara, in mai hoto ya zo biki a Bebeji ko Kiru, kyamara guda ce rataye a wuyansa da fim mai cin hoto 36. Ya ɗauka, ya tafi Kano ya wanko, bayan sati ya kawo su cikin ambulan. Iyakar ta'asarsa ya zaɓi wanda amarya ta fi yin kyau ya liƙa a gilashin shagonsa, masu shayi da 'yan zaman majalisa su yi ta kallo. To yanzu gilashin nan ya koma cikin waya. Amarya ba ta gama wanke lalle ba, hotonta na ranar kamu yana yawo a TikTok da Facebook, an ɗora masa waƙa, an rubuta lambar mai hoto a ƙasa. Wato da fuskar matar mutum yake tallan sana'arsa, bayan an biya shi kuɗinsa cas. Haba jama'a!

In kika yi magana sai ya ce ai shi ya ɗauka, hoto nasa ne, doka ta ba shi. To ku tsaya ku ji, rabin gaskiya ya faɗa ya ɓoye rabi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta yarda cewa wanda ya ɗauki hoto shi ke da haƙƙin aikinsa. Ban ja ba, kuma shi ya sa bai dace tela ko mai kwalliya su ɗauki hoton nan su yi talla da shi ba tare da sun tambaye shi ba. Amma a sashe na 28 na wannan doka dai, an ce wanda ya sa aka yi masa hoto don amfanin kansa da iyalinsa, yana da damar amfani da shi matuƙar ba kasuwanci zai yi ba, kuma yana da ikon hana a buga shi, ko a baje shi, ko a watsa shi ga jama'a, sai fa in sun yi wata yarjejeniya dabam. Wannan rabin ne mai hoto ba zai taɓa karanta miki ba. Ga kuma sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 da ya kare sirrin mutum da na gidansa.

Sai dai ki lura da kalmar nan, “wanda ya sa aka yi”. A bukukuwanmu wa yake ɗauko mai hoto? Sau da yawa abokan ango ne, ko wani yayan amarya da ya san wani da ya san wani. Ke da fuskarki ke cikin hoton ba a ko tambaye ki ba. Don haka tun ana maganar anko da lefe ki sa baki, ki ce da sunanki ko na mahaifiyarki za a yi cinikin hoto. Ba rashin kunya ba ne, wallahi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda laifin yake sauka. A 2007, da wani bidiyon sirri na wata 'yar fim ya fita daga waya ya bazu a Kano, sunan yarinyar aka riƙa yayatawa lungu-lungu. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Abubakar Rabo a kan Hukumar Tace Fina-finai, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, daga baya har marubuta aka ce sai sun yi rajista. Amma dubban da suka riƙa tura abin daga waya zuwa waya fa? Suna nan suna ta tsine mata. Har yau halin bai sake ba. Hoton amarya ya fita, miji ya hau fushi, uwar miji ta ce dama an faɗa mata yarinyar idonta a buɗe yake, shi kuwa mai hoto yana can yana ƙirga sababbin kwastomomi.

Wani zai ce to ta kai ƙara mana. Ina? Shari'ar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce ke saurarenta, tana cikin birnin Kano. Mace daga Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa sai ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada da Kwanar Dangora, ga kuɗin mota ga na lauya, ga goyo a baya, kafin alƙali ya zauna kuwa hoton ya kai Agadas. Waɗanda suka rubuta dokar sun kyauta, amma ba su san nisan da ke tsakanin ɗakin amarya da ƙofar kotu ba.

Shi ya sa nake cewa a yi maganin abin tun kafin a ba da kafin alƙalami. Takarda ɗaya ta isa, ko fallen littafin 'yan makaranta ne: hotunan bikin wance ba za a sa su a shago ko a intanet ba, za a damƙa su duka ga mai su, a goge ragowar. Ya sa hannu, shaidu biyu su sa, a ajiye kwafi wajen mai unguwa. Rabin kuɗi a riƙe sai ya cika alkawari. A wajen taron mata zalla kuma, irin sa lalle da yinin biki, a nemo mace mai hoto, akwai su yanzu, kuma su ma a sa su su sa hannu. Wanda ya ce shi ba ya aiki da takarda, ki ce masa Allah ya ba da sa'a, ki kira na gaba.