Zumar Goggo da dokar mililita 100

Tunda lokacin bitar maniyyata ya kama, bari in amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, ko da wasu za su ce ƙaramar magana ce.

Bara na raka Goggona filin jirgi za ta tafi Umara. Ta haura saba'in, ba ta taɓa hawa jirgi ba, kuɗin raken gonarta na shekara biyu ta haɗa da na wani ɗan bijimi ta biya. Daren tafiya muka zauna a gida nan Danja muna shirya mata kaya. Ni da hannuna na ɗauki gorar zuma farar saƙa, wadda take sha da ruwan ɗumi saboda tari, da kwalbar man shanu, da babbar robar basilin, da humrar da jikarta ta haɗa mata, na jera su a jakar hannu. Dalilina kada su fashe a babbar jaka. Har ina jin kaina wai na yi dabara.

Mu 'yan rakiya a waje aka tsayar da mu. Ba a yi awa ɗaya ba sai ga wayarta, muryarta na rawa: "Ɗan nan, sun karɓe mini zumata." Daga baya ta ce ba zumar ce ta fi yi mata ciwo ba. An zazzage mata jaka a gaban mutane, ana ɗaga kwalba ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ba ta san laifin da ta yi ba, tana tsaye kamar wadda aka kama da kayan sata. Wallahi ranar na yi faɗa, na ce zalunci ne, na ce a gidajensu zumar za ta kwana. Sai wani abokina ɗan kasuwa mai yawan zuwa Dubai ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, kai ka ja mata. Kai da ka yi boko, ba ka san dokar ba?"

Ban sani ba. Kuma da na bincika sai na tarar da yawanmu masu shirya wa iyayenmu kaya ba mu sani ba.

Dokar ba ta da tsawo. A jirgin da zai fita ƙasar waje, duk wani abu mai ruwa da za ka shiga da shi a hannu, dole mazubinsa kada ya wuce mililita 100, kuma duka kwalaben su shige cikin leda ɗaya fara mai zif wadda ba ta wuce lita ɗaya ba. Inda mutane ke faɗawa shi ne girman mazubin ake dubawa. Ko ɗan guntun mai ne ya rage a gindin babbar kwalba, ta tafi. Ma'aikaci mai layin mutum 400 a gabansa ba zai tsaya awo ba, lambar da ke jikin kwalba zai karanta. Tamu kuwa gorar ruwa ce da aka wanke aka ɗura zuma, babu wani rubutu da ya shafi abin da ke ciki.

Sannan "ruwa" a wurinsu ya wuce abin da muke kira ruwa. Abin da ake zubawa, ko ake shafawa, ko ake fesawa, duk ciki ne. Zuma ruwa ce. Man shanu ko da ya daskare, man kaɗe, makilin, kwaɓaɓɓen lalle, soyayyar miya, damammiyar fura, turaren fesawa, duk ruwa ne. Goggo har yau ba ta yarda basilin ruwa ba ne, ni ma na daina yi mata gardama.

Daga ina dokar ta fito? A watan Agustan 2006 'yan sandan Ingila suka kama wasu mutane da suka shirya shiga jiragen da ke tashi daga Landan zuwa Amurka da Kanada da sinadarin fashewa na ruwa, a cikin kwalaben lemo. Da farko sai aka hana shiga da ruwa kwata-kwata, kafin ƙarshen shekarar aka sassauto zuwa mililita 100, sauran ƙasashe suka bi.

Mu kuma a wannan yanki bai kamata a ba mu labari ba. Ranar 25 ga Disamba 2009, Umar Faruk Abdulmutallab, ɗan babban gida daga nan Funtuwa, ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit, da garin sinadari a ɗinke cikin kamfai da sirinji mai ruwa a ciki. Mahaifinsa, Alhaji Umaru Mutallab, tun kafin lokacin ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya yi musu kashedi a kan ɗan nasa, abin da ba kowane uba zai iya ba. Duk da haka a Janairun 2010 Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da za a tsananta binciken matafiyansu. Saboda haka in ma'aikaci ya ga sirinji ko kwalba marar suna ya tsaya, ba raina tsufan Goggo ya yi ba.

To ina laifin yake? Ni a ganina a wurinmu yake, mu da muka iya karatu. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da hukumomin jihohi duk shekara suna jan kunne a kan kaya, ana faɗa a rediyo. Amma fisabilillahi, ka ce wa tsohuwa daga Dabai ko Tandama "mililita 100", me ka faɗa mata? Ita mudu ta sani, da gwangwani, da ludayi. Aikinmu ne mu mayar mata da maganar cikin awon da ta sani. Ledar fiya wata mililita 500 ce, ta ninka dokar sau biyar. Kwalbar lemo ƙarama ta ninka sau uku da ɗoriya. Ko gwangwanin madarar ruwa da ake auna mai da shi a kasuwa ya wuce. Abin da aka yarda da shi bai kai cikakken cokalin cin abinci bakwai ba, kwatankwacin kwalbar maganin tarin yara. Kwalbar turare mai tola ɗaya kuwa ba ta da matsala ko kaɗan. Da a wajen bita malami zai ɗaga kwalabe biyu ya ce wannan za ta wuce, wannan ba za ta wuce ba, minti biyar sun isa.

Mutum ya biya sama da Naira miliyan 8 kuɗin kujera, kamar yadda aka biya a 2025, an yi makonni ana koya masa ɗawafi da sa'ayi da jifa, wanda shi ne asalin tafiyar, ba musu. Amma jarrabawarsa ta farko a bakin na'urar bincike take, a filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina ko na Malam Aminu Kano, tun bai ga Jidda ba, kuma babu wanda ya zauna da shi a gida a kanta.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne kuskure na biyu, wanda jin labarin ƙwace yake haifarwa. Tsoho ya ji ana karɓe ruwa, sai ya tura maganinsa duka cikin babbar jaka. Mai ciwon suga da allurarsa ta insulin, mai asma da abin shaƙarsa, mai hawan jini, mai ɗigon ido. Babbar jaka kuwa tana iya yin kwanaki ba ta iso hannun mai ita ba, insulin kuma sanyin ƙasan jirgi na iya lalata ta. Alhali dokar ta ware magani da abincin jarirai. A bar magani cikin kwalinsa na asali, a haɗa da takardar likita, a fito da shi a nuna tun kafin a tambaya. Zuma in ta tafi asarar kuɗi ce, wannan kuwa maganar rai ce. Gorar ruwa ma in babu komai a ciki tana wucewa, sai a cika bayan an gama bincike, don tsoho ya samu na haɗiyar magani.

Busasshen kaya dokar ruwa ba ta shafe su ba: kuka, kuɓewa, yaji, kauɗar tumatirinmu, garin kunu, sabulun gora ko na salo, asuwaki. Da mazarƙwaila na sa wa Goggo maimakon zuma, mu da muke da ita a ƙofar gida, da babu wanda zai ɗaga kai. Sai dai wannan ba ya nufin komai busasshe ya halatta. Goro dai Saudiyya ta hana, kuma a tambayi jami'an alhazai kafin a cika jaka da kayan miya. Manja kuwa ko a babbar jaka kamfanonin jirage da yawa ba sa karɓa, kuma duk wanda ya taɓa ganin haramin wani bawan Allah ya rine ja saboda galan ɗin maƙwabcinsa ya san dalili.

A dawowa kuma sai a koma gidan jiya da Zamzam. An hana sa shi cikin jaka, babba ko ƙarama, ana ba kowane alhaji lita 5 a nan gida bayan ya sauka. Amma sai ka ga an naɗe gora cikin darduma, na'ura ta gani, a farke jaka, a riƙe kayan mutane saboda mutum ɗaya.

Na san wani zai zo ƙasan rubutun nan ya ce shi ya hau jirgin Kano zuwa Abuja da gorar ruwa a hannu babu wanda ya ce masa uffan. Na yarda, yana faruwa a jiragen cikin gida. Wani kuma zai ce ai a Turai ma an fara janye dokar. Shi ma gaskiya ne, a 2025 filayen Birmingham da Edinburgh sun ɗaga iyakar zuwa lita 2 saboda sun sa sababbin na'urori masu gane abin da ke cikin kwalba. To mahaifiyarka ba ta Edinburgh za ta bi ba. Kuma ban wanke ma'aikata tas ba. Tsohuwar da ba ta jin Turanci tana da haƙƙin a yi mata bayani da Hausa cikin ladabi, a kuma ba ta damar miƙa wa 'yan rakiya abinta in suna waje, maimakon jefawa a kwando tana kallo. Ni ina nan bakin ƙofa ranar, taku kaɗan ne tsakanina da zumar nan.

Bana ƙanin mahaifina ne zai tafi Hajji in Allah Ya yarda. Na riga na sayi ledar mai zif da ƙananan kwalabe huɗu a kasuwar Funtuwa, ranar Juma'a bayan masallaci zan je gidansa mu zazzage jakar nan mai kilo 8 a kan tabarma. Goggo ta ce za ta zo ta zauna a wurin, wai ba ta yarda da shirin kayana ba.