Wutar Da Ke Salwanta A Waya

Jama'a, duk lokacin da ƙwan lantarki ya yi ja kamar garwashi a Birnin Kebbi ko Argungu, mukan ɗora laifin a kan Kainji. Lalle madatsar nan da aka buɗe a 1968 tana da nisa, wutarta kuwa sai ta bi doguwar waya mai ƙarfin kilobolt 330 kafin ta iso Birnin Kebbi. Amma fa wani kashi na laifin yana ƙofar gidanmu.

Wutarmu tana kai da komowa sau 50 a cikin daƙiƙa guda. Inji mai aiki da ita, ko na casar shinkafa ko na ɗebo ruwa a fadamar Rima, cike yake da naɗin waya, shi kuwa naɗi yakan sa gudun wutar ya makara, ya saɓa da ƙarfin da ke tura shi. Kamar matuƙa kwalekwale ne a Matan Fada da filafilansu ba su faɗa ruwa tare: ga gumi, ga ƙarancin tafiya. Wannan turjiya, haɗe da ta wayar kanta, ita masana ke kira impidans. Sai inji ya ja wutar da ta wuce aikinsa, taransifoma ta yi zafi, maƙwabta su kwana cikin duhu-duhu.

Maganin ba ya da tsada. Kafasita, babbar 'yar'uwar wadda ke cikin fanka, takan sa gudun wuta ya yi gaba. In an gwama ta da naɗi daidai gwargwado, sai turjiyar ɗaya ta kashe ta ɗaya. Wannan daidaito shi ne rezonans, kuma da shi rediyo ke tsamo tasha guda daga cikin ɗari. Ga lissafi: injin da kashi 70 cikin 100 kaɗai na wutarsa ke yin aiki, in aka kai shi 95, amfiya 100 sai ta koma 74, asarar waya kuma ta ragu da kusan rabi.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. In aka dasa kafasita da ka, tana iya yin rezonans da gurɓatacciyar wuta mai kaɗawa sau 250, ta ƙone ƙurmus. Aikin na mai awo ne.

Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, aka kuma buɗe masana'antar WACOT a Argungu a 2017, injuna sun yawaita a kwarin nan. To, ina masu awon? Mu ne, 'yan'uwa ɗalibai, mu da muke haddace lissafin nan don jarrabawa, mu watsar a bakin ƙofa. Ku kuma matasan ma'aikata, kada takardar kwangilar inji ta wuce teburinku sai kun tambayi wutar da zai ja da wadda zai ɓata. Gyaran waya a gida shi ma ƙarin wuta ne. Allah ya sa mu gane.