Kwamfutar Kamfani Ta Fara Magana Da Ta Masu Haraji

Ɗan kasuwar da ke sarin fulawa ko taliya a Agege ko a Sabo ta Ibadan yana iya cewa ba ruwansa da zancen kwamfuta. To, amma fa zancen ya iso har bakin shagonsa.

A shekarar 2025 Hukumar Tara Haraji ta Tarayya, wadda aka sake wa suna a 2026, ta umarci manyan kamfanoni, watau waɗanda cinikinsu ya kai Naira biliyan 5 a shekara, da su haɗa kwamfutocin lissafinsu da nata. An soma a watan Agusta, daga baya aka ƙara musu wa'adi zuwa 1 ga Nuwamba.

Ga yadda abin yake. Babban kamfani yana da manhaja guda, irin su SAP ko Oracle, wadda ke riƙe da lissafin kayan sito da albashi da basussuka. A da, akawu ne ke kwafo adadi daga cikinta ya miƙa wa ofishin haraji. Yanzu kuwa akwai wata kafa da masana ke kira API, aikinta kamar na tafinta ne tsakanin manhajoji biyu da ba sa jin yaren juna. Da zarar an rubuta takardar ciniki sai ta bi ta nan zuwa hukuma, a duba ta, a ba ta lamba, ta komo. Irin wannan kafa ce ke kai kuɗi daga Legas zuwa Kano nan take tun 2011, kuma duk wanda ya sha wahalar tura kuɗi lokacin ƙarancin Naira a farkon 2023 ya san abin da cushewarta ke jawowa.

Inda abin ya shafe mu shi ne, takardar ciniki tana ɗauke da sunan mai saye. Ashe ke nan hukuma za ta san abin da dila ya sara ko da bai faɗa mata ba. Mutanenmu da yawa kuwa da sunan maigida ko na ɗan'uwa suke ɗaukar kaya, bisa amana, ba rubutu. Ran da aka zo tambaya, mai sunan za a nema.

A ganina hukuma ba ta yi laifi ba, gama an daɗe ana ɓoye ciniki. Sai dai ya kamata ta aika jami'anta wurin shugabannin 'yan kasuwa a Mile 12 da Idi-Araba su yi bayani da Hausa, kafin tsarin ya sauko kan matsakaitan 'yan kasuwa.