Fim ɗin da muke ƙyama da bidiyon da muke turawa

Da zarar an ambaci fim ɗin da ya ɗauko tarihin wata mace da ta shiga harkar finafinan batsa, majalisa a Haɗeja ba ta ɓata lokaci wajen yanke hukunci: wannan koyar da iskanci ne. Ba mai tambayar abin da fim ɗin ya faɗa, ko ɓangaren wa ya ɗauka. Jin maudu'in kawai ya wadatar. A ganina wannan ra'ayi kuskure ne, kuma masu cin ribar kuskuren su ne mutanen da muke cewa muna yaƙi da su.

A ɗauki Lovelace, wanda ya fito a Amurka a 2013. Tarihin Linda Boreman ne, wadda wani fim na batsa ya yi wa suna a 1972. Masu shirya shi sun ba da labarin sau biyu. Da farko an nuna abin da duniya ta gani: fitilu, liyafa, 'yan jarida. Sai aka koma baya aka nuna abin da ita ta ce ya faru a bayan ƙofa, wato duka da barazanar bindiga daga mijinta, Chuck Traynor, wanda ta ce shi ya karɓe dala 1,250 da aka biya ta, alhali wasu sun kwashi miliyoyi. Matar ta rubuta wannan a littafinta Ordeal a 1980, ta kuma ba da shaida a gaban kwamitin gwamnatin Amurka kan batsa a 1986. Wanda ya kalli wannan labari har ƙarshe, ciniki zai gani da ake yi da jikin mutum, kuma zai gane waye dillali. Wace huɗuba ce ta fi wannan tsoratar da yarinyar da wani ke yi wa alkawarin suna da kuɗi?

Mu ma muna da namu labarin, sai dai mun ƙi ba da shi. A 2007 bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu a wayoyin Kano, ya ratsa Arewa baki ɗaya. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Abubakar Rabo Abdulkarim a kan Hukumar Tace Finafinai, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka ɗaure Adam A. Zango a shekarar, sannan Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a 2008, kowa da tuhumarsa dabam. Yarinyar ta ɓuya, sunanta ya zama abin zagi a bakin yara. Namijin da ke cikin bidiyon fa? Da wuya ka samu mai tuna sunansa. Dubban da suka riƙa tura wa juna ta Bluetooth, suna kallo suna tsine mata, ba wanda ya ce da su kanzil. Fim na gaskiya kan wannan lamari dole ya juyo da kyamara kansu, kuma ina zargin wannan ne ainihin abin da ba ma so.

Masu adawa suna da hujja ɗaya mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Sukan ce irin waɗannan finafinai da sunan faɗakarwa suke zuwa, amma tsiraicin suke sayarwa. Akwai gaskiya a ciki. The Dirty Picture na Indiya, wanda ya fito a 2011 bisa rayuwar Silk Smitha, ya kawo wa Vidya Balan babbar kyautar fim ta ƙasarsu, amma da rawa da bayyanar jiki aka tallata shi, ba da mummunan ƙarshen matar da ta mutu a 1996 ba. To amma wannan hujja ce a kan yadda aka nuna abu. Ba ta kai ga haramta maganar ba. Malamanmu suna karantar da Suratu Yusuf a tafsirin azumi, maza da mata suna saurare, ana bayanin yadda matar mai gida ta nemi bawan Allah da alfasha, ba tare da kalma ɗaya ta batsa ba. Al'ummar da ta gaji wannan salo ba ta da dalilin cewa ba ta san yadda ake zancen ɓarna cikin kunya ba. Aikin mai tace fim shi ne ya zauna ya kalla, ya yanke wurin da ya wuce gona da iri. Soke maudu'i dungurungum hanyar malalaci ce.

Sannan a duba abin da haramcin ke tarewa a zahiri. Batsar kanta ba ta neman izinin kowace hukuma. Tana shiga wayar ɗan sakandare a Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa ta intanet da katin waya, cikin dare, ba mai gani. Abin da ake iya tarewa shi ne aikin da aka yi a fili, mai sunan marubuci da darakta, wanda zai iya gaya wa yaron nan wace ce matar da yake kallo da yadda aka kai ta wurin. Manomin fadamar Guri ya san abin da ke faruwa idan kachala ta toshe hanyar kogi: ruwan ba ya komawa madatsar Tiga, gonar mutane yake fasawa ya shiga.

Yau yarinyar da saurayi ya riƙe hotonta yana yi mata barazana ba ta da wani labari a harshenta da zai nuna mata cewa shi ne mai laifi a gaban doka, ko cewa dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci kan irin wannan barazana. Abin da ta sani kawai shi ne yadda aka yi da ta 2007. Saboda haka takan yi shiru, ta biya abin da ya nema.