Kada A Sayi Magani Kafin A Gane Ciwo

'Yan'uwa manoma, tun da rijiyoyin burtsatse suka yawaita a ƙauyukanmu, akwai kuka guda da ake ta ji daga bakin mata. Sun ce sabulu ba ya kumfa, wake ba ya nuna da wuri, gindin tukunya kuma yana yin farin ɓawo kamar an shafa masa alli. Waɗansu ƙungiyoyi har sun soma shawarar tara kuɗi su sayi injin gyaran ruwa irin na Turai. Mu dai ra'ayinmu shi ne a dakata tukuna. A gwada ruwan, a san abin da ke cikinsa, kana a kwance bakin jaka.

Bari mu fara da asalin abin. Ruwan sama ba shi da komai a cikinsa sai kaɗan. Amma sa'ad da ya nutse cikin ƙasa ya ratsa dutsen farar ƙasa, yakan narkar da sinadarai biyu, watau kalsiyam da maganiziyam, ya tafi da su. Irin wannan ruwa Turawa ke kira ruwa mai tauri. Dutsen nan akwai shi da yawa a ƙasashenmu, shi ne ake haƙa ana yin siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a jihar Gombe, da Malbaza a Nijar. Masana suna auna taurin a kowace lita guda: ƙasa da miligiram 60 ruwa ne mai laushi, daga 120 zuwa 180 mai tauri, abin da ya haura 180 kuwa mai tauri ne ƙwarai.

Ba mu kaɗai muke fama da shi ba. Birnin Landan ma ruwansa mai tauri ne, gama ƙasar wurin alli ce. A Ingila da Amurka gidaje da yawa suna da injin wanke kwanuka, kuma matan can suna da nasu kukan: a sa tambulan na gilashi a inji, ya fito ya yi hazo kamar ba a wanke ba. Kukan ya ƙaru a Amurka a shekarar 2010, lokacin da jihohi da dama suka hana zuba sinadarin fosfet cikin sabulun injin, domin yana ɓata tabkuna da koguna. Da ma shi ne ke kama farar ƙasar ya hana ta manne wa gilashi.

To, ga inda darasin yake. Hazon nan iri biyu ne, ido kuwa ba ya rarrabe su. Na fari farar ƙasa ce ta bushe a jikin gilashi, in aka goga ruwan tsami sai ta fita, tambulan ya koma tas. Na biyu kuwa ba datti ba ne, gilashin ne kansa ya cinye, kuma ba ya gyaruwa har abada. Abin da ke kawo shi shi ne ruwa mai laushi ƙwarai haɗe da sabulu mai yawa da zafi. Ashe mutum zai ga hazo, ya ce taurin ruwa ne, ya ƙara sabulu, ya ƙure injin tausasa ruwa, ya ƙarasa lalata kayansa da hannunsa. Da ya fara goga ruwan tsami, da ya huta da hasara.

Shi injin tausasa ruwan, yaya yake aiki? Tulu ne cike da waɗansu ƙananan ƙwayoyi kamar tsakiya. In ruwa ya bi ta cikinsu sai su kama kalsiyam da maganiziyam, su saki sodiyam, watau sinadarin da ke cikin gishiri, a madadinsu. In sun ƙoshi sai a wanke su da ruwan gishiri mai kauri, a zubar da ruwan wankin. Saboda haka mai injin ba ya rabuwa da sayen gishiri buhu buhu muddin injin yana aiki.

Wannan ya kamata ya sa manomi ya yi tunani. Sodiyam ba abokin gona ba ne. In ya taru yakan sa ƙasa ta daskare, ruwa ya kasa shiga, shuka ta ƙanjame. A garin Santa Clarita na jihar Kalifoniya, a 2008, jama'a suka jefa ƙuri'a a cire irin waɗannan injuna daga gidaje, domin gishirin da suke zubarwa yana gangarawa cikin kogin da manoma ke ban ruwa da shi. Mu da muke shayar da lambun albasa da tumatir daga rijiyar da muke sha, ina za mu zubar da namu? Ga kuma tsofaffinmu masu hawan jini da likita ya ce su rage gishiri.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, taurin ruwa ba cuta ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa masa iyaka saboda lafiya ba. Kalsiyam ma jiki yana bukatarsa. Abin da ke kwantar da yara yawanci ba ya barin alama a gindin tukunya, injin tausasa ruwa kuma ba ya cire shi. Ba ya kashe ƙwayoyin amai da gudawa da ke shigowa daga shaddar da aka haƙa kusa da rijiya. Ba ya cire fulorayid, sinadarin da in ya wuce miligiram 1.5 a lita yakan rina haƙora, in ya yi yawa ainun ya tanƙwara ƙashi. Mutanen Langtang da Kaltungo sun san haƙoran nan masu tsatsa. A Tibiri ta jihar Maraɗi, garin ya sha ruwan wata rijiya daga 1985 har wajen shekara 15, yara ɗaruruwa suka tashi da ƙafafu a karkace. Ruwan nan garau yake a ido.

Wani zai ce, to, wahalar mata fa, da kuɗin sabulu? Gaskiya ne, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba mu ce a ƙyale shi ba. Amma akwai hanyoyi masu araha. Tafasa ruwa yana saukar da wani kashi na farar ƙasar, shi ne ɓawon da muke gani. Ruwan toka da aka tace yana tausasa ruwan wanki, kanwa kaɗan tana nunar da wake, kakanninmu sun san wannan tun ba a zo da inji ba. Garin sabulu ya fi sabulun sanda aiki a irin wannan ruwa. Lemun tsami yana cire ɓawo daga buta da tambulan. Wanda ke da rufin kwano kuma ya tara ruwan sama domin wanki.

Ga shawararmu ga kowace ƙungiya. A taro na gaba a zaɓi mutum biyu, ɗaya ta zama mace, gama su ne suka san ruwan. Su je hukumar ruwa ta jiha ko ɗakin gwaji na jami'a mafi kusa, su tambayi yadda ake ɗibar ruwan gwaji, su kai. A nemi a duba abu huɗu: ƙwayoyin cuta, fulorayid, gishiri, da tauri. A karɓi sakamako a rubuce, a karanta a gaban kowa, a maimaita gwajin da damina. In tauri ne kawai, a bar kuɗin a gyara dakalin rijiya, a nisantar da shadda da garke. In abin ya wuce haka, sai a tafi wurin hukuma da takarda a hannu. Mai sayar da inji kuwa in ya zo, a tambaye shi abin da injinsa ke cirewa da abin da yake bari.