Takardar da ke Riƙe da Wutarmu

Babbar taransifoma irin ta tashar Kumbotso a Kano ko ta Mando a Kaduna, ƙarfe ake gani daga waje, amma ranta yana hannun takarda. Kowace wayar jan ƙarfe da ke cikinta an naɗe ta da takarda an tsoma a mai. Mai in ya gurɓace a tace shi ko a sauya. Takardar kuwa ba mai iya kaiwa gare ta sai an wargaza injin.

Tana sabuwa, sarƙar ƙwayoyinta kan kai tsawon 1,000 zuwa 1,200. Zafi da danshi da iska su ke tsinka ta a hankali. In ta sauko 200, sai takardar ta riƙa marmashewa tsakanin yatsu kamar busasshen ganyen kuka, girgiza ɗaya daga haɗuwar wayoyi ta isa ta yage ta. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce, da zarar wuri mafi zafi a cikin naɗin ya haura digiri 98, kowane ƙarin digiri 6 yana ninka saurin tsufan. A haɗa wannan da zafin Afrilu da lodin da ya fi ƙarfin injin.

Abin takaici, ciwon ba ɓoyayye ba ne. Takarda in tana ruɓewa tana zubar da sinadarai cikin man, ɗan kaɗan da aka ɗiba a kwalba zai tona asiri. Tun shekarun 1980 ake auna sinadarin furfural. A 2007 masu bincike na kamfanin Hydro-Québec a Kanada suka nuna cewa methanol ya fi saurin bayyana, har a takardar da aka ƙarfafa don jure zafi, wadda furfural ɗinta kaɗan ne.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne sauya mai. Sabon mai yana wanke shaidar, sakamako ya fito fes, alhali takardar tana nan da tsufanta. Don haka gwaji ɗaya ba ya wadatarwa. Sai an jera na shekaru, an rubuta ranar da aka taɓa man. Taransifomar da ba ta da wannan tarihi, a makance ake ɗora mata lodi, kuma in ta ƙone, sabuwa irinta kan ɗauki fiye da shekara kafin ta iso daga masana'anta.