Ƙaho Ba Ya Faɗin Shekara, A Duba Haƙori

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, duk ranar Lahadi idan kasuwar Tawa ta ci, muna ganin masu saye suna tsayawa nesa da dabba. Sai su dubi ƙaho su ce, "Wannan ta manyanta," ko "Wannan ƙarama ce." Nan take a yi ciniki. Mu dai a ganinmu wannan kuskure ne, kuma yana cinye kuɗin talaka.

Gaskiya ne ƙaho yana ƙara tsawo yayin da dabba take girma. Amma ba shekaru kaɗai ke sa shi tsawo ba. Na farko akwai iri. Saniyar Bororo tun tana ƙarama ƙahonta dogo ne. Saniyar Azawak kuwa, ko ta tsufa, ƙahonta gajere ne. Na biyu akwai abinci. Maraƙin da ya sha wuyar rani ba zai yi ƙaho irin na wanda ya ƙoshi ba. Na uku, ragon da aka dandaƙe tun yana ƙarami, ƙahonsa ba ya girma sosai.

Ba mu kaɗai ne ƙaho yake ruɗa ba. A Turai akwai wata irin barewa mai ƙaho da rassa kamar itace. Namijin yana zubar da ƙahon kowace shekara, sabo ya fito. Mutane da yawa suna zaton yawan rassan shi ne yawan shekarunsa. Ba haka ba ne. Abinci da gado suna da hannu a ciki, kuma idan ya tsufa ƙwarai ƙahon yakan koma baya.

Wani zai ce, "Ai iyayenmu da zoben ƙaho suke ƙirga shekarun saniya." Ba mu raina saninsu ba. Zoben yakan fito idan saniya ta haihu ko ta sha yunwa. Amma ba kowace saniya ke haihuwa duk shekara ba. Kuma ana iya kankare ƙaho a shafa masa mai, tsohuwa ta zama kamar budurwa.

To, ina mafita? A buɗe baki. Saniya da tunkiya da akuya suna da haƙoran gaba 8 a ƙasa, a sama babu. Na farko ƙanana ne, su ne haƙoran nono. Suna zubewa bibbiyu, manya su maye gurbinsu.

Ga tunkiya da akuya: manyan haƙora 2, ta shekara 1 ko da ɗan ɗori. Haƙora 4, wajen shekara 2. Haƙora 6, wajen shekara 3. Idan 8 sun cika, wajen shekara 4.

Ga saniya: manyan haƙora 2, wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi. Sukan cika 8 wajen shekara 5. Bayan nan sai a dubi yadda suka ci. Idan sun gajarce, sun yi gibi, ko suna girgiɗi, dabbar ta tsufa.

Wannan ba ƙaramin zance ba ne. Mace ta ci bashi ta sayi rago don ta turke shi kafin Layya. Idan tsoho ne mai cinyayyen haƙori, zai ci dusa da harawa bai yi ƙiba ba, ga bashi yana jira. Magidanci ya sayar da hatsi ya sayi saniya don nono da haihuwa. Idan tsohuwa ce, da wuya ta iya tsinkar busasshiyar ciyawa har damina ta faɗi.

Don haka, ko a Tawa, ko a Barmu, ko a Abalak, kada mu ji kunyar cewa dillali ya buɗe mana baki. Mai sayarwa na gaskiya ba zai hana ba. Wanda bai iya dubawa ba, ya tafi da wanda ya iya, ko ya tambayi ma'aikacin kiwo. Gani ya kori ji.